Ranar da Shaho Ya Kasa Saukowa

Shekara goma sha ɗaya ke nan Mai Usur yana aiki a ƙarƙashin ƙugiyar injin ɗaga kayan da mijin yayarsa ke tuƙawa. Aikinsa shi ne ya ɗaura kaya, ya duba sarƙa, sannan ya ja baya ya riƙa faɗa wa direban injin ɗaga kaya inda zai nufa. Da can da usur da hannu ake yi, daga nan sunan ya samo asali. Yanzu oba-oba ce rataye a kafaɗarsa, amma suna ya riga ya zauna. Shi kuwa direban, wanda ke wuni a wani ɗan akurkin ɗaki na gilashi can ƙolin kiren, wato injin ɗaga kayan, sama da bene mai hawa tara da suke ginawa, kowa Shaho yake ce masa. Ma'aikata sukan ce in ka aje ƙwai a kan bulo, Shaho zai sauke maka tan biyu na rodi a gefensa ƙwan bai motsa ba.

Wata uku da suka wuce ne yayar Mai Usur ta kira shi ɗaki ta tura ƙofa. Ta ce masa likita ya duba maigidanta, ya ce tsokar zuciyarsa ta yi rauni, ba ta tura jini da ƙarfi kamar da, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafafunsa, wani lokaci har ƙirji. An ba shi magunguna kala huɗu. Ta ce Shaho ya rantse in maganar ta kai kunnen kamfani sun raba gari da duk wanda ya kai ta, don ya san ranar da suka ji, ranar ya sauka daga kiren. Mai Usur ya yi alkawarin kama bakinsa. A lokacin bai ga wani abu a ciki ba, tunda mutum yana shan magani.

Ran da abin ya faru, yana sa hular kwano ke nan a bakin ƙofar wurin aiki wayarsa ta yi ƙara.

"Ƙanina, ka sa min ido a kan yayan naka yau," in ji yayarsa. "Kwana uku ke nan a zaune yake barci. Da ya kwanta sai ya zabura kamar wanda aka shaƙe. Yanzu ina gyara aljihun wandonsa na ga maganin sa fitsarin nan, katin nan cike. Ashe ba ya sha."

Ya tarar da Shaho a gindin kiren yana rataya jakarsa. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai faɗin kafaɗa, gemunsa ya soma furfura. Mai Usur ya dubi ƙafafunsa. Igiyar takalmin aikin a kwance take, fatar ƙafar ta kumbura ta hau kan bakin takalmin.

"Yaya Shaho, yau takalmin ba a ɗaure ba."

"Kai ka saya min da za ka sa masa ido?"

"Yaya ta ce ba ka shan maganin."

"Kai da yayarka kamar rediyo biyu ne a tasha ɗaya." Shaho ya waiga, ya ga ba kowa kusa, ya rage murya. "Ka taɓa shan maganin nan? Duk minti ashirin sai mutum ya zaga. Can sama akwai ban ɗaki ne? Gora biyu nake hawa da su, kafin rana ta take sun cika, ga jiri in na miƙe. Ranar hutu nake sha."

"To ka huta yau."

"In huta wa zai hau? Ɗayan direban yana hutun mako biyu, ga mota cike da rodi tana jira." Ya ɗan dafa kafaɗar Mai Usur. "Ka bar wa Allah. Jeka ka ɗaura kayanka."

Tsanin kiren yana cikin hasumiyar ƙarfen, da 'yan dandamali na hutawa guda goma sha ɗaya. Minti goma Shaho ya saba yi ya kai sama. Mai Usur ya tsaya da sarƙa a hannu yana kallon agogo. A dandamali na uku ya ga ya tsaya. A na biyar ya daɗe, ya jingina goshi da ƙarfe. Sai da ya ci minti ashirin da takwas kafin ƙofar ɗakin gilashin ta rufe.

Shugaban aiki ya zo wucewa da takardu a hammata. "Me kake kallo a sama? Wata ka hango?"

Maganar ta zo masa har baki. Ya haɗiye. "Iska nake dubawa, ranka ya daɗe."

Da farko aiki ya tafi daidai. Sun hau da bulo sau shida, sun hau da katako. Abin da kawai Mai Usur ya lura shi ne Shaho ya daina zolaya. Kullum yakan cika oba-oba da tsiya, ya ce wa Mai Usur daga sama sanƙonsa kaɗai ake gani yana ƙyalli, ko ya ce a gaya wa magina su daina hira ana ganinsu. Yau daga "to" sai "na ji". Tsakanin kalma da kalma kuma akwai wani ɗan tari busasshe.

Wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi suka zo kan rodi. Ɗauri guda ne, dogaye, nauyinsa ya haura tan biyu. Mai Usur ya sa sarƙa gefe biyu, ya jijjiga, ya ja baya. Gabas ta soma yin duhu, iska tana ɗaga ledoji a tsakar wurin.

"Ɗaga a hankali. Ɗaga. Ɗaga. To, juya hagu."

Rodin ya tashi, ya wuce hawa na huɗu, na biyar, hannun kiren yana juyawa da shi zuwa jikin ginin. Daidai hawa na bakwai, inda masu shafe su takwas ke tsaye a kan dandamalin ƙarfe da aka kafa a jikin bango, sai kayan ya tsaya cak.

"Ci gaba da ɗagawa, Yaya Shaho."

Shiru.

"Shaho, kana jina?"

Oba-obar ta buɗe, amma ba magana ba ce ta fito. Numfashi ne, gajere, da sauri, da wani ƙara a cikinsa kamar ana hura iska da bututu a cikin ruwa. Mai Usur ya ja da baya. Ya ɗaga kai. Iska ta kama rodin, ya fara juyawa a hankali, bakinsa ɗaya yana nufar dandamalin masu shafe.

Rabonsa da busa usur ya kai shekara biyar, amma yana nan a aljihun rigarsa. Ya zaro ya busa da iya ƙarfinsa, ya sake busawa, yana yi wa masu shafen hannu su shiga ciki. Suka leƙo, suka ga abin da ke lilo a saman kansu, suka zubar da cokulan shafe suka riƙa faɗawa ta tagogi. Wani dattijo a cikinsu ƙafarsa ta maƙale a katako, sai da biyu suka fizgo shi. Bakin rodin ya zo ya gogi ƙarfen dandamalin, ƙara ta cika wurin, bokitin siminti ya faɗo ya fashe a ƙasa.

Shugaban aiki ya taho a guje. "Me ke faruwa? Me ya sa ya tsaya? Injin ne?"

"Ba inji ba ne." Mai Usur ya sauke usur daga bakinsa. "Zuciyarsa ce. Yana da ciwon zuciya, ruwa ya hau masa ƙirji. A kira motar asibiti, a kira 'yan kwana-kwana, don ba zai iya saukowa da ƙafarsa ba."

Shugaban aiki ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. "Ka sani?"

"Na sani."

Mutumin ya zaro waya.

Yatsan Mai Usur na kan maɓallin oba-oba duk lokacin nan, bai ankara ba. Yana saki sai muryar Shaho ta fito, kalma ɗaya-ɗaya. "Ka… faɗa."

"Na faɗa, Yaya. Ka yi min duk abin da za ka yi in ka sauko. Yanzu ka saki hannun injin, ka zauna sosai, ka buɗe taga. Muna zuwa."

"Kayan."

"Ka bar kayan."

"Iska… za ta… kwashe… dandamalin."

Gaskiya ya faɗa. Birki yana riƙe da nauyin, rodin ba zai faɗo ba, amma kowane juyi sai ya ƙara matsowa, kuma a bayan katangar da ke ƙarƙashin dandamalin titi ne, da motoci da masu tafiya a ƙasa. Shugaban aiki ya tura mutum huɗu su tare titin. Ya dawo ya tsaya kusa da Mai Usur.

"Zai iya?"

"Daga inda yake ba ya ganin ƙasan nan, kusurwar gini ta tare. Sai da ni."

"To ku yi."

Mai Usur ya koma tsakiyar fili inda ba kowa. Ya share bakinsa da bayan hannu, ya yi ƙoƙarin fito da muryar da ya saba aiki da ita.

"Yaya Shaho, kar ka yi magana, ka adana numfashinka. In ka ji ni, danna sau ɗaya."

Oba-oba ta yi ƙit.

"Juya dama, kaɗan. Kaɗan. Tsaya."

Hannun kiren ya motsa, amma da fizga, ba irin tafiyar Shaho ba. Rodin ya yi baya, ya dawo da ƙarfi, ya wuce dandamalin da abin da bai fi taku ɗaya ba. Wani daga cikin leburori ya yi salati.

"Ba komai. Bari ya huce. Yanzu dama kuma. Haka. Haka. Tsaya. Sauke."

Kayan ya fara saukowa. Hawa na shida. Na biyar. A na huɗu ya sake tsayawa. Mai Usur ya ƙirga a ransa har ashirin.

"Yaya, danna min."

Ba ƙit.

"Yaya Shaho, in ka bar min rodin nan a sama, wallahi zan gaya wa kowa tsufa ya kama ka. Danna."

Ƙit.

"To sauke. Saura kaɗan. Sauke. A hankali. A hankali. Taku biyu. Ɗaya."

Rodin ya kwanta a ƙasa, sarƙa ta saki. Mai Usur ya kwance ƙugiya, ya juya ya nufi gindin kiren.

Malamar jinya ta ɗakin shan magani na wurin aikin ta riga shi isa. Mace ce gajera, ta kusa hamsin, ta goya ƙaramin tulun iskar oksijin a baya da majanyin da ta yi da zanen gado, jakar magani a wuya.

"Kin taɓa hawa?" in ji Mai Usur.

"Ban taɓa ba. Kai fa?"

"Sau ɗaya. Na yi amai."

"To ka wuce gaba, amma ka riƙe cikinka, ni ce a ƙasanka."

Suka kama tsani. Mai Usur bai yarda ya dubi ƙasa ba, ƙarfen da ke gaban hancinsa kawai yake kallo. Tun daga dandamali na shida hasumiyar ta fara rangaji da iska, kaɗan-kaɗan, kamar kwalekwale. Cinyoyinsa suka ɗau zafi. Ya tuna da mutumin da ya hau nan da safe da zuciyar da ba ta iya tura jini, shi kuma yana tsaye a ƙasa yana kallon agogo. Yayyafi ya fara, ƙarfen ya yi santsi.

Mai Usur ya tura ƙofar ɗakin gilashin. Shaho yana zaune a bakin kujera, ya dafe gwiwoyi, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Zufa ta jiƙe rigarsa sharkaf, leɓɓansa sun yi toka-toka, a gefen bakinsa akwai kumfa mai ɗan ja. Ya ɗago ido ya dubi ƙanin matarsa.

Ɗakin ba ya ɗaukar mutum uku. Malamar ta ture Mai Usur waje kan dandamali, ta durƙusa a bakin ƙofa. Ta sa wa Shaho abin shaƙar iska, ta auna jininsa, ta maƙala waya a kunne tana magana da likita. Ta sa masa wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin harshe, ta nemi jijiya a hannunsa ta yi masa allura.

"Ka cire masa takalman nan," ta ce. "Ƙafafun su sauka ƙasa. Kar ka bari ya kishingiɗa ko kaɗan."

Mai Usur ya miƙa hannu ta gefenta ya ja takalmin, da ƙyar ya fita. Inda yatsunsa suka danna a ƙafar, ramin ya zauna bai ciko ba.

'Yan kwana-kwana suka iso bayan kusan rabin awa, su uku suka hau da igiyoyi da gadon ɗaukar majinyaci. Babbansu ya leƙa, ya ce za su kwantar da shi a gadon, su ɗaure, su zura shi ta waje.

"Ba za a kwantar da shi ba," in ji malamar.

"Haka ƙa'idarmu take."

"Huhunsa cike yake da ruwa. In kun kwantar da shi, kafin ya kai hawa na biyar gawa za ku sauke. A zaune zai sauka."

Babban ya dubi Shaho, ya dubi hadarin da ke matsowa. Ya ce da yaransa su kawo ɗamarar da ake zama a ciki. Suka ɗaura wa Shaho, suka ɗaure tulun iskar a ƙirjin ɗaya daga cikinsu wanda zai sauka tare da shi. Da aka zo fito da shi ta ƙofa, Shaho ya damƙi hannun Mai Usur, ya ja abin shaƙar gefe.

"Kashe… injin. Saki… birkin juyi."

"Ina yake?"

Ya nuna da ido. Mai Usur ya kashe, ya saki birkin, don hannun kiren ya riƙa bin iska kada ta karya shi. Sai a lokacin Shaho ya yarda aka zura shi.

Mai Usur ya kwanta rub da ciki a kan dandamali yana leƙe ta ramukan ƙarfe. Mutum biyu a igiya ɗaya suna sauka, iska tana kaɗa su, ɗan kwana-kwanan yana tokare hasumiya da ƙafa kada su bugu. Kan Shaho ya langaɓe sau ɗaya, mutumin ya tallafe shi da kafaɗa. Da ƙafafunsu suka taɓa ƙasa, ruwan sama ya tsuge. Mai Usur da malamar sai da suka jira ya tsagaita kafin suka sauko, suna zaune a ɗan ɗakin.

Kwana biyu Shaho ya yi a ɗakin masu tsananin jinya, sannan aka mai da shi ɗakin kowa. Likitar zuciya ta tara su, Mai Usur da yayarsa, a wani ɗan ofis. Ta ce lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu, ta Shaho kuwa kashi ɗaya cikin huɗu take iya fitarwa. Ta ce an cire masa ruwa mai yawa, kuma in ya riƙe magani, ya rage gishiri, ya riƙa auna nauyinsa kowace safiya, zai iya samun sauƙi sosai, wasu ma zuciyar takan ɗan farfaɗo. Amma maganar hawa kiren a manta da ita.

Yayarsa ta yi ta kuka a baranda. "Ni na ɗaure maka baki," ta ce.

"Ni ma ai da hankalina, Yaya."

Kamfani ya kira Mai Usur ran Litinin. Shugaban aiki da injiniya da wata mata daga babban ofis suka zaunar da shi. Tambaya ɗaya suka fi nanatawa, tun yaushe ya sani. Ya ce wata uku. Injiniya ya ce mutum takwas ne a kan dandamalin nan. Mai Usur ya ce ya ƙirga su. Aka dakatar da shi wata guda, aka ce in ya dawo zai sake zama ajin kiyaye haɗari tun daga farko. Bai yi gardama ba. Da ya fito, ya haɗu da dattijon nan mai shafe wanda ƙafarsa ta maƙale, yana ɗingishi. Mai Usur ya gaishe shi. Dattijon ya amsa a daƙile ya wuce.

Shaho kuwa ya yi kwana tara bai yi masa magana ba. In Mai Usur ya shigo ɗakin asibitin, sai Shaho ya juya fuska bango. Mai Usur bai fasa zuwa ba, yakan zauna a kujerar roba ya yi awa guda ya tashi. Bayan an sallami Shaho ma haka, har ranar da likita ta ce ya fara tattaki kaɗan-kaɗan, matarsa kuma ta ce ba za ta bar shi ya fita shi kaɗai ba.

Suka fito da hantsi, Shaho cikin silifas, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Suna tafiya a hankali a gefen titi, Mai Usur yana rage takunsa. A gaban shagon mai gyaran keke Shaho ya tsaya ya dafa bango, ya huta.

"Wa suka sa a sama?" ya tambaya, idonsa na kan titi.

"Ɗayan direban. An katse masa hutu."

"Yana fizgar kaya in zai tsaya. Ka riƙa ba shi tsaya da wuri."

"In na koma."

Shaho ya juyo. "Ina ka je?"

"An dakatar da ni wata guda."

Shaho ya dube shi. Ashe ba wanda ya gaya masa. Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza gemu.

"Shugaban aiki ya aiko," ya ce can. "Wai in na warware, akwai kujera a ɗakin ajiyar kaya. In riƙa ba da sarƙa ina karɓa."

"Me ka ce?"

"Ban ce komai ba tukuna." Ya saki bangon. "Mu kai wancan falwayar mu juya. Kar ka riƙe ni, mutane na kallo."

Mai Usur ya sauke hannunsa, ya bi shi a baya da taku ɗaya.